Abin da Ya Kashe Shingen Gidan Alhaji

Kazaure,
Jihar Jigawa.

Ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma sanyin Jos bai fara takura maka ba. Allah ya tsare ka a inda kake, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa ka shiga aikin nan da ƙafar dama. Labarin gida ba zan ɓata takarda a kansa ba, Ummanka tana ba ka shi a waya, har da wanda ba ka tambaya ba.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin da kowa ke da waya a aljihu. Na gwada wayar. Sau biyu ina kiran ka da niyyar yin maganar, sai in ji bakina ya kauce ya koma tambayar masauki da abinci. Shi ya sa na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta na zauna a zaure. Yau kwana uku ke nan ina rubutawa ina hutawa, don yatsun da suka shekara talatin suna matsa almakashi ba sa son riƙe biro.

Ranar da muka raka ka tasha na ji abin da ka ce wa Kawunka Sale. Ka ce in ka iya rabin abin da Baba ya iya a aikin fulawa, ka kuma riƙe amana yadda ya riƙe, to ya ishe ka. Ka ɗauka ban ji ba, saboda ina can ina fama da yaran mota a kan jakarka. Na ji, kuma tun ranar tuwo bai yi mini daɗi ba. Akwai abin da na aikata a gidan Alhaji, inda na yi aikin fulawa, wanda ba ka sani ba, Ummanka ma ba ta sani ba, kuma mutumin da na zalunta ya ce ba zai yafe mini ba sai na faɗa maka da kaina. Ina tsoron in ka gama karantawa ba za ka ƙara kallo na yadda kake kallo na ba. Amma na gaji da ɗaukar abin. Zan fara da ƙananan kurakurai, waɗanda za su amfane ka a wurin aiki, ko na samu ƙarfin halin isa ga babban.

Ka ce mini a gidan da aka ɗauke ka akwai dogon shinge na fulawar nan mai ƙananan ganye masu sheƙi, wadda ake askewa ta yi kusurwa huɗu kamar akwati. Turawa suna ce mata bokswud. Mu a gidan Alhaji 'yar Ingila muke ce mata, don a can ya fara ganin ta lokacin da gwamnati ta tura shi kwas, ya dawo ya kasa mantawa da ita. Da ya yi ritaya sai ya sa aka kawo masa dashenta daga Jos ɗin nan da kake, cike da bayan a-kori-kura. Kazaure ba ƙasarta ba ce, zafi ya yi mata yawa. Kowa ya faɗa masa, ya ƙi ji. Aka jera ta a inuwar mangwaro da darbejiya, tun daga ƙofar falonsa har zuwa wajen wanki a bayan gida. Ni kuwa a lokacin sabon zuwa ne daga Kanya Babba, abin da na sani gero da dawa da gyaɗa, sai ɗan lambun albasa. Da wannan ilimin aka damƙa mini ita, aka ce na zama gadina, mai kula da fulawa.

Kuskurena na farko huɗa ce. Ka san mu, in shuka ta tasa hankalinmu ba ya kwanciya sai mun tara mata ƙasa a gindi. Na ga 'yar Ingila a tsaye gindinta fayau, sai ta ba ni tausayi. Na ɗauko fartanya na yi mata huɗa mai kyau, irin wadda da a gona ce da masu wucewa sun tsaya sun yi mini sannu da aiki. Har ja da baya na yi ina kallo ina jin daɗi. Mako uku bai cika ba guda shida suka yi ja suka bushe. Da na tone sai na ga fartanya ta daddatse saiwoyin, don saiwarta a sama-sama take, siririya, ba ta nitsewa ƙasa. Ƙasar da na tara kuma ta riƙe ruwa ta ruɓar da karan. Alhaji bai yi faɗa ba. Ya duba ya duba, ya ce, "Ado, wannan fa ba gero ba ne." Ya shige ciki.

To, kada ƙarfe ya kusanci gindinta. Ciyawa da hannu ake cire ta, a durƙushe, ko da bayanka zai yi ƙorafi, kuma zai yi. Inda kara ya haɗu da saiwa ya tsaya daidai da fuskar ƙasa, gara ma ya ɗan fito da ya nutse. In kana so ƙasar ta riƙe danshi ka shimfiɗa busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa kaurin yatsa biyu, amma ka bar tazara tsakaninsa da karan, kuma ka riƙa ɗagawa kana leƙawa saboda gara. Abin da hannunka ya saba a gida kada ka yi shi a can sai ka tambayi wanda ya riga ka zuwa. Ba a rage wa mutum albashi don ya yi tambaya.

Na biyu ma tausayi ne ya jawo shi. In rana ta take sai in ga ganyen ya yi laushi, in jawo tiyo in yi ta fesa mata ruwa daga sama kamar mai wanke mota. Na yi ta yi har ƙasar ta koma taɓo, ganye ya fara rawaya, ni kuma in ƙara ruwa don na ɗauka ƙishirwa ce. A kan wannan kuma na samo kashin kaji ɗanye daga wani abokina a Babura na barbaɗa mata, wai in ƙara mata ƙarfi. Ya ƙona ta kamar an zuba tafasasshen ruwa. Ruwa da sassafe ake ba ta, a gindi, a hankali, har ya shiga sosai, sannan a ƙyale ta. Kafin ka sake ka tura yatsa cikin ƙasa, in ka ji danshi ka naɗe tiyonka ka nemi wani aikin. Taki kuwa sai wanda ya shekara ya ruɓe ya koma baƙi, kaɗan, a farkon damina. Wannan fulawar ba ta da sauri a komai. A shekara da kyar take ƙara tsawon ɗan yatsa, kuma duk wanda ya matsa mata sai ta mutu a hannunsa.

Na uku ya fi waɗannan zafi, don a lokacin na riga na san daidai. Wata shekara Sallah ta faɗo a tsakiyar bazara. Saura kwana biyu Hajiya ta fito ta tsaya a baranda ta ce, "Ado, shingen nan ya yi buzu-buzu. Baƙi za su zo daga Kano. A aske shi ya kwanta sosai." Na san ba a aske ta a irin wannan zafi. Ganyen waje shi ne rumfar na ciki, in ka cire shi rana ta samu na ciki a buɗe sai ta soya shi. Na san haka sarai. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, Hajiya." Na aske shi ya kwanta. Ranar Sallah ya yi kyau, baƙi suka yi ta ɗaukar hoto a gabansa. Kwana biyar bayan nan samansa duk ya koma launin ƙasa, aka shekara guda kafin ya farfaɗo. Da Alhaji ya tambaya, Hajiya ta ce ai ita ba gadina ba ce, wanda ya san aikin me ya hana shi magana? Kuma gaskiyarta.

Aski ana yin sa ne in sabon toho ya yi ƙwari, da safe, ranar da akwai gajimare, amma ganyen a bushe. Ka ja igiya tsakanin turaku biyu, kada ka yarda da idonka, ido yana karkata in ka gaji. Sama ya ɗan fi ƙasa tsukewa don haske ya kai ga rassan ƙasa, in ba haka ba gindin zai zube ya bar maka ƙafafu tsirara. Kada ka shiga da almakashi har inda babu ganye. Lokaci-lokaci ka tura hannu ciki ka ɓalle 'yan rassa nan da can, iska ta samu hanya. Sannan ka koyi cewa, "Hajiya, a yi haƙuri, in aka yi yanzu zai ƙone, a ba ni mako biyu." Ka faɗa a ladabce, ka rusuna in ka ga dama, amma ka faɗa. Za ta ɓata rai na yini ɗaya. Ni wannan ɓacin ran na yini ɗaya nake tsoro duk rayuwata, kuma shi ne ya kai ni ga abin da zan faɗa maka yanzu.

Ban sani ba ko kana tuna Malam Ilu mai wanki. Dogo ne, siriri, mutumin wajen Gwiwa, ba ya son magana. Kana ƙarami kana ce masa Baba Ilu. Shi ya goge maka kayan makaranta ranar da aka fara kai ka firamare, ya ce ba za a kai ɗan Ado gaban malamai a yamutse ba. Shekara tara muna cin abinci a kwano ɗaya a bayan gidan nan. Duk Alhamis sai ya karɓi kaftanina na Juma'a ya haɗa da kayan Alhaji, ban taɓa roƙonsa ba.

A shekarar da kake aji biyu, wani darakta da ke zuwa gaishe da Alhaji ya ga shingen ya yi sha'awa, shi ma ya sa aka kawo masa nasa. Ba a daɗe ba nasa ya kama ciwo. Ya aiko a ɓoye in je in duba masa, ni kuma na je ba da sanin Alhaji ba, da almakashin gidan Alhaji a cikin buhu. Damina ce, an kwana ana yayyafi. Na tarar da ganyen ya yi ɗigo-ɗigo baƙi yana zuba, karan da zane-zane baƙaƙe. Na yi ta datse wuraren da suka lalace har azahar. Na dawo gida na ga aikina yana jira na, sai na hau askin namu da almakashin nan, ko goge shi a riga ban yi ba, ganye kuma a jiƙe. Kullum daga ƙarshen da ke wajen wanki nake farawa. Ran nan ma daga nan na fara.

Kwana goma sai ga ɗigon nan a namu, a daidai inda na fara. Babu wanda ya isa ya faɗa mini daga ina ya zo, ni na ɗauko shi da hannuna.

Da na je na faɗa a ranar, da an tumɓuke uku ko huɗu an ƙona, wataƙila sauran su tsira. Amma faɗar na nufin in ce na fita da kayan gida na yi wa wani aiki a lokacin aikin Alhaji. Sai na zaɓi dabara. Akwai abin da 'yan aikinmu ke yi in za a yi biki kuma shinge yana da giɓi: a yanko ɗanyen reshe daga baya inda ba a gani, a soka a giɓin, ya yi yini guda yana kore. Na yini ɗaya ake yi. Ni na yi shi kusan wata biyu. Kullum da safe kafin Alhaji ya fito shan iska sai in zare na jiya in soka sababbi. Giɓin yana faɗi, ina ƙara yanka, da almakashin nan dai, ina kai ciwon inda bai kai ba. Ban taɓa gajiya a aiki irin ta wannan lokacin ba, kuma ba jikina ne ya gaji ba.

Ranar da asiri ya tonu wani baƙo ne ya zo, tsohon abokin aikin Alhaji. Alhaji ya zagaya da shi yana nuna masa 'yar Ingila yadda ya saba. Hannun babbar rigar baƙon ya maƙale a shingen, ya ja, sai ga reshe ya biyo shi, ba saiwa, gindinsa da yankan almakashi. Alhaji ya sa sandarsa ya taɓa na kusa, shi ma ya faɗo. Ya yi ta taɓawa suna zubowa, har ramin ya bayyana, ƙirare baƙaƙe tsirara, tsawon taku biyar. Sai da ya raka baƙonsa mota tukuna.

Ya dawo ya kira ni. Na durƙusa. Ya ce, "Ado, mene ne wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ji tsoron ɓacin ranka ne, shi ya sa na rufe."

Ya ce, "Me ya kashe ta?"

Ya juya yana dube-dube, idonsa ya sauka a kan kwatar wanki da ke wucewa kusa da wurin. Ya ce, "Ko ruwan sabulun nan ne yake gangarowa?"

Abba, ban ƙirƙiro ƙaryar ba, miƙo mini ita aka yi, ni kuma na karɓa hannu biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, zai iya yiwuwa."

Ya ce, "Ka yi wa Ilu magana?"

Na ce, "Na yi."

"Sau nawa?"

"Ya fi sau uku, ranka ya daɗe."

Ban taɓa yi masa magana ba, don babu abin da zan ce masa. Kwatar a gine take da siminti, ɗigo ɗaya ba ya fita. Malam Ilu yana tsaye a bakin igiyar shanya da jiƙaƙƙen zani a hannu, yana jin komai. Alhaji ya ce masa ya haɗa kayansa a ƙarshen wata. Bai yi musu ba. Ya ce, "To, ranka ya daɗe." Kwana goma sha biyu da suka rage masa mun ci abinci a kwano ɗaya kamar yadda muka saba, ya kuma goge mini kaftani Alhamis biyu. Ranar da zai tafi na ƙirƙiri zuwa kasuwa sayen taki don kada mu yi sallama.

Shingen bai tsira ba. Kafin zuwan kaka ya mutu gaba ɗaya, muka tumɓuke aka dasa wannan mai ruwan ɗorawa da ka taso ka gani, wadda ko akuya ba ta iya kashe ta. Alhaji ya ce sabulu ya riga ya shiga ƙasar. Na ƙara shekara goma sha huɗu a gidan ana ce mini Ado mai amana. Da Alhaji ya kwanta ciwon ajali na shiga gaishe shi sau da yawa, kullum da niyyar in faɗa, kullum in fito da ita a ciki. Ya rasu bai sani ba. Wannan ƙofar ta rufe, sai dai in yi ta yi masa addu'a.

Ga abin da za ka ɗauka a nan na aiki. Almakashi ana wanke shi da ruwan bilic ko sifirit kafin a tashi daga shuka mai ciwo zuwa mai lafiya, kuma kayan aikin gida ba sa fita gida. In ka ga baƙin ɗigo ganye yana zuba, ka tumɓuke wadda ta kamu har saiwa, ka share ganyen da ya zuba tas, ka ƙona su nesa, kada ka zuba a ramin taki. Kada ka taɓa ta tana jiƙe. Kuma duk abin da ya mutu a hannunka ka faɗa a ranar, kafin la'asar, tun yana guda ɗaya. Amma wanda na fi so ka riƙe shi ne wannan: manya suna son a ba su amsa da wuri, wani lokaci ma su za su kawo amsar da kansu su tambaye ka ko haka ne. In amsar za ta sauka a kan wanda bai kai ka ƙarfi a gidan ba, mai wanki ne, mai gadi ne, mai shara ce, ka ce a'a, ba haka ba ne, ko da ba ka san mene ne ba. Balle in ka sani.

Na daɗe da sanin Malam Ilu yana Roni. Roni ba nisa, amma shekara goma sha bakwai ko ɗaurin aure aka gayyace ni can sai in aika da uzuri. Bayan maganarka a tasha na kwana huɗu ina juyi, ran na biyar na hau mota. Na same shi a wata rumfar kwano a gefen hanya, da dutsen guga na gawayi, ya sunkuya har hancinsa na kusan taɓa rigar da yake gogewa, don idon ya yi rauni. Na yi sallama. Ya ɗago ya daɗe yana kallo na, ya ce, "Ado gadina. Ashe kai ma ka tsufa."

Ya ba ni benci. Na ajiye masa goro, bai taɓa ba. Na faɗa masa komai, tun daga gidan darakta har zuwa "ya fi sau uku". Yana ji yana guga, bai tsaya ba.

Da na gama ya ce, "Na sani. Kullum da safe ina shanya ina ganin ka kana soke-sokenka. Na ɗauka za ka gaji ka faɗa."

Na ce, "Malam Ilu, me ya hana ka magana ran nan?"

Ya ce, "Wa zai ji? Kai Alhaji yake kira ku zauna a inuwa ku yi hirar fulawa. Ni rigunansa kawai suka san ni."

Na ce ya yafe mini don Allah. Ya ajiye dutsen a kan murfinsa, ya zauna. Ya ce, "Aikin bai dame ni ba, Ado. Allah bai hana ni abinci ba ko na yini ɗaya. Musa ne. Kana tuna Musa na? Yana aji shida lokacin. Labari ya riga mu isa gida, wai an kori ubansa saboda sakarci, an yi masa magana sau uku bai ji ba. Na ce masa ba haka aka yi ba. Ya ce to me ya sa ban faɗa a gaban Alhaji ba? Ya girma yana yi mini biyayya, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma na san kallon da yake yi mini."

Na ce, "Ina yake? Yau ɗin nan zan je in faɗa masa da bakina."

Ya ce, "Ka makara. Shekara biyu ke nan da muka binne shi. Ciwon ciki, kwana shida."

Wani ya zo karɓar kayansa, Malam Ilu ya naɗe ya ba shi, ya dawo. Ya tambaye ni labarinka, na ce ka samu aikin gadina a Jos. Ya ce ma sha Allah. Sannan ya ce, "Nawa ɗan ya tafi yana sanina da abin da ban yi ba. Naka kuwa ina so ya san ka da abin da ka yi. Ba na son komai naka. Ka faɗa masa duka, kada ka rage. In ya kira ni ya ce ya ji, na yafe maka duniya da lahira. In bai kira ba, mu haɗu a can."

Ban ga laifinsa ba. A mota ina dawowa na yi ta neman hanyar da zan rage wani abu, in ce Alhaji ne ya fara kawo maganar, in ce ina da iyali ina tsoron kora. Duk gaskiya ne, kuma shi ma yana da iyali. Ban rage komai ba, ga shi ka karanta.

Lambar da za ka same shi na rubuta a bangon baya na littafin nan. Wayar mai shagon da ke kusa da rumfarsa ce, ka kira bayan azahar ka ce a ba ka Malam Ilu mai guga. Ka gaishe shi yadda ake gaishe da uba. Kada ka roƙe shi a madadina, kada ka kare ni, kada ka ce ai Baba mutumin kirki ne. Ka ce, "Baba Ilu, ni ne Abba ɗan Ado. Na karanta." Ya isa. Na san nauyi na ɗora maka wanda ba kai ka jawo ba, a makon da ya kamata hankalinka ya kasance a kan sabon aiki. Ka yi haƙuri. Tsoho ne kuma ba shi da cikakkiyar lafiya, ni ma haka, shi ya sa nake roƙon kada ka ja lokaci.

Ni kuwa ba sai ka yi gaggawar kira na ba. In ka ɗauki mako, ko wata, zan gane, kuma ba zan tura Ummanka ta tambaye ka dalili ba. Gobe in an ba direban motar Jos wannan littafin ya kawo maka, zan zaunar da ita in faɗa mata, don kada ta ji a bakin wani.

Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin tsoron mutane. Ya ba ka lafiya, ya sa albarka a hannunka, ya raya abin da ka dasa. Ka riƙe sallah a kan lokaci, ka sa rigar sanyi da safe. Allah ya jiƙan Alhaji, ya jiƙan Musa. Allah ya yi maka albarka, Abba, ya sa ka fi ubanka gaskiya.

Wassalam.

Mahaifinka,
Ado.